An Mayar Da Makulli, An Riƙe Adireshi

Ranar wata Talata da hantsi, cikin azumin 2024, wata yarinya da ba za ta wuce shekara sha tara ba ta yi sallama a ƙofar wani shagon tela da ke wani layi a bayan Titin Gidan Zoo, a Kano. Tana rungume da jakar bakko, ƙafafunta sun yi futu-futu da ƙura. Ta ce wajen furodusa ta zo. Telan, wanda ɗinkin sallah ya sha masa kai, ko ɗagowa bai yi ba ya ce mata nan babu wani furodusa, shekara biyu ke nan da tashinsu. Yarinya ta ce sam ba ta yarda ba. Ta zaro waya ta buɗe masa wani fim mai dogon zango a YouTube, ta ja shi can ƙarshe inda sunaye ke hawa, ta miƙa masa. Ga sunan kamfani, ga sunan layi, ga lambar shago, har da kwatancen masallacin da ke kallon wurin. Kuma fim ɗin bai fi wata guda da ɗorawa ba.

Daga wani gari a jihar Bauci ta taso, kuma kuɗin motar zuwa kaɗai gare ta, domin a lissafinta tana isowa za a ɗauke ta a sa a fim. Da telan ya ga ta fara hawaye sai ya yi abin da ya saba yi, wato ya tura ta cikin gida wajen mai shagon. Mai shagon kuwa goggona ce, ƙanwar mahaifina, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da gidan, da shaguna biyu a gabansa, da 'ya'ya mata uku. Goggo ta shimfiɗa mata tabarma, aka sha ruwa da ita, ta kwana, da safe ta haɗa mata kuɗin mota ta sa aka raka ta tasha. Sannan ta aika a kira ni.

Ba don komai aka kira ni ba sai don ni na kawo furodusan. A 2018, lokacin ina karatun difloma, na fara ɗan taɓa rubutun sharhin finafinai, ina ta cusa kai wajen 'yan industiri don a san da ni. Na ji yana neman ofis, na yi caraf na ce ai goggona tana da shago a daidai inda yake so. Ya yi shekara huɗu a wurin, kuma gaskiya ɗaya ce, bai taɓa cinye mata kuɗin haya ba. A 2022 ya ce harka ta ja baya, ya kwashe kwamfutocin editin da kujerunsa, ya mayar da makulli, aka rabu lafiya har Goggo tana sa masa albarka. Abin da bai kwashe ba shi ne adireshin. Yana nan a fostocinsa, yana nan a shafinsa na Facebook, yana nan a kan takardun kamfanin da rasit, yana nan a taswirar Google, yana nan a ƙarshen kowane fim da ya saki.

Kafin zuwan yarinyar nan, ashe, an yi ta zuwa. Mai ba da hayar kyamara ya zo yana neman cikon kuɗinsa, har ya ɗaga murya a ƙofar gida. Masu kai saƙo a babur sun zo ba adadi. Wani ma'aikacin banki ya zo tabbatar da adireshi, yana ta ɗaukar hoton ƙofar ba tare da ya ce wa kowa ci kanka ba. Samari masu rubuta labari sun zo, 'yan mata masu son rawa da waƙa sun zo. Sau ɗaya kuma masinjan kotu ya zo da takarda. Duk wannan Goggo ba ta faɗa mini ba, tana ta kawaici.

Da na buga wa furodusan waya, ga abin da ya ce mini, kuma cikin raha ya faɗa: "Haba ɗan'uwa, me na ɗaukar mata? Bulo na cire ko kwano? Adireshi ai rubutu ne kawai. Duk wanda ya zo a ce masa ba na nan, shi ke nan." Wallahi a lokacin ban sami amsar ba shi ba. Na san akwai abin da ya ɗauka, amma na rasa sunansa. Tun daga ranar nake juya maganar, kuma ina jin ba ni kaɗai ta shafa ba, domin a industirin nan tamu da kasuwar littattafai da wuya ka rasa wanda ko dai ya yi wa wani haka ko an yi masa.

Bari mu fara da abin da kowa ya sani. A ƙasar nan tamu adireshi mutum ne kafin ya zama lamba. Ka tare ɗan adaidaita-sahu a cikin Birni ka ce ya kai ka lamba kaza a layi kaza, sai ya tsaya yana kallonka. Amma ka ce masa gidan Alhaji wane, ko jikin kantin wane, ko ƙofar gidan mai unguwa, sai ya ce hau mu je. Iyayenmu suna ba mu labarin zamanin wasiƙa da katin zaɓi-sonka na Rediyon Kaduna, lokacin da wanda ba shi da akwatin gidan waya yake cewa a rubuto masa "ta hannun" wani malamin makaranta ko wani mai kanti. Shi wannan da ake bi ta hannunsa ya sani, ya yarda, kuma girma ne a gare shi, domin ma'anar abin ita ce ya san mutumin kuma zai iya nemo shi. To duk wanda ya rubuta adireshin shagon Goggo a takardarsa, ko ya sani ko bai sani ba, cewa yake yi a neme ni ta hannun matar nan. Bambancin kawai, ita ba a tambaye ta ba.

Wani zai ce ai mu Hausawa mun saba ɗaukar sunan wuri mu tafi da shi har kabari. Haka ne. Masu karatun littattafai sun san Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba Ceɗiyar 'Yan Gurasa, masu kallo sun san Ibrahim Mandawari da marigayi Rabilu Musa Ɗanlasan, kuma babu wanda ya taɓa cewa in mutum ya tashi daga unguwa sai ya ajiye sunanta. Sai dai wannan asali ne. Asali cewa yake yi daga nan na fito, kuma wannan magana ba ta tsufa, gaskiya ce jiya, gaskiya ce gobe. Adireshin kasuwanci kuwa cewa yake yi nan za ka same ni, kuma ranar da mutum ya ɗora kayansa a mota ya bar wurin, ranar maganar ta zama ƙarya. Babu wanda zai ɗauki jaka ya tafi garin Ɗanlasan neman aikin fim don ya ga sunan a fosta. Amma ga shi an ɗauki jaka daga Bauci an zo ƙofar Goggo.

"Nan za ka same ni." Mai karatu, duba wannan 'yar jimla da kyau, domin a kanta rabin cinikin garin nan yake tsaye. Me ya sa mai kyamara zai ba ka kayan miliyoyin naira ka tafi lokeshin da alƙawarin biya bayan an gama? Don ya san in ka saɓa akwai ƙofar da zai je ya tsaya. Me ya sa mai ba da talla zai yarda ya ba ka rabin kuɗi tun kafin ya ga aiki? Don ya ga kana da wurin zama, ba a aljihu kamfaninka yake ba. Tun muna yara, zamanin da ake sayar da kwalin kaset a Ƙofar Wambai, in ka juya bayan kwalin za ka ga adireshin kamfani an rubuta shi ɓaro-ɓaro, kuma haka bayan littattafan soyayya. Ba don ado ake sa shi ba. Wani irin lamuni ne, mutum yana jinginar da ƙofarsa don a yarda da shi. To furodusana yana jinginar da ƙofar da ba tasa ba. In ciniki ya yi kyau shi zai ci riba, in ya ɓaci ƙofar Goggo za a buga. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Ni ba malami ba ne, amma na zauna a zaure an biya mana babin ciniki na Risala, kuma abin da na riƙe game da haya shi ne sayen amfanin abu ne na wani lokaci sananne a kan farashi sananne. In lokacin ya cika amfanin ya koma wa mai abu gaba ɗayansa, ba a ce ɗan haya ya zaɓi wani yanki ya riƙe ba. Abin tambaya shi ne, shin sunan wurin yana cikin amfanin da aka saya? Amsar tana cikin kuɗin hayar kanta. Ka ɗauki shago mai faɗin na Goggo, bulo iri ɗaya, kwano iri ɗaya, ka kai shi can bayan gari inda ko kwalta babu, ka ji nawa za a ce maka. Ratar da ke tsakanin farashin biyu ita ce kuɗin sunan. Shi kansa furodusan da yake cewa rubutu ne kawai, ai a 2018 ya ƙi shagunan da suka fi arha a wasu unguwanni, ya ce shi dole sai wajen Zoo Road domin nan ne cibiyar 'yan fim. Ya san abin da yake saya a lokacin. Da ya daina biya ne abin ya koma rubutu.

Kuma in ana son hujja cewa adireshi tsurarsa haja ce, ga ta a fili. A Abuja da Legas akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan, su ba ka hayar adireshi ba tare da ɗaki ba, su karɓar maka wasiƙu, ka biya su duk wata ko duk shekara. A Amurka abin ya wuce nan. Akwai wani ɗan gini a birnin Wilmington na jihar Delaware wanda jaridar New York Times ta ruwaito a 2012 cewa kamfanoni wajen 285,000 ne suka rubuta shi a matsayin adireshinsu. Ko kujera ɗaya-ɗaya aka ba su ba za su shiga ba. Ana iya sukar wannan tsari ta wasu fuskoki, amma dai masu ginin sun sani, sun yarda, ana biyansu, kuma aikinsu ne su karɓi takardun. Goggo tana yin irin wannan aiki shekara biyu kyauta, ba ta ma san sana'a ba ce.

Doka ma ba ta ɗauki abin da wasa ba. Dokar Kamfanoni ta Nijeriya, wadda aka yi a 1990 aka sake ta a 2020, ta ce kowane kamfani sai ya ba Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, adireshin ofishinsa, kuma in ya canza wuri ya sanar da ita cikin kwana 14. Dalili shi ne wannan adireshin ne inda hukuma da kotu suke kai wa kamfani takarda, kuma in an kai can ana ɗauka ta isa gare shi. Ka ga a nan mai riƙe tsohon adireshi kansa ma yake yi wa, domin ana iya kai ƙararsa, a kai sammaci inda ba ya nan, a yi shari'a a bayan idonsa. Amma abin da ya fi tayar mini da hankali telan ne. In aka yanke hukunci aka zo kwasar kayan kamfani a adireshin da ke rubuce, kekunan ɗinkinsa da yadudduka na mutane za a tarar, sai ya sha wahalar zuwa kotu ya tabbatar cewa nasa ne. Bawan Allah da ko kallon fim bai dame shi ba! A Birtaniya sun ga irin wannan matsala ta yi yawa, shi ya sa tun 2016 mai gida yake iya kai kuka ga hukumar rajistar kamfanoninsu, in kamfanin ya kasa nuna hujjar zama a wurin a cire adireshin, kuma a 2024 suka ƙara tsaurara dokar. Mu a nan, da CAC ta ce a 2024 duk masu POS su yi rajista, Allah kaɗai ya san ƙofofin mutane nawa aka rubuta a fom masu ƙofar ba su da labari.

To amma kada in yi wa mutumin nan rashin adalci, domin na san halin da yake ciki, kuma ba macuci ba ne. Ya shigo harkar fim a daidai lokacin da kasuwar faifan CD take mutuwa. Masu tura finafinai a waya sun kashe ta, aka koma YouTube da gidajen talabijin irin su Arewa24. Yau furodusa da yawa ofishinsu waya ce da kwamfutar tafi-da-gidanka, editin a ɗakin wani, lokeshin a gidan wani. Hayar shago a wajen Zoo Road ta fi ƙarfinsu. Amma banki yana son adireshi, Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano da aka kafa tun 2001 tana son adireshi a fom ɗin rajista, ƙungiyar da za ta ba da kwangilar fim ɗin wayar da kai tana son adireshi. Duniya ta canza yadda ake aikin, takardu ba su canza ba. Sannan ga kunya. A wannan industiri ka ce ba ka da ofis, kamar ka yi shelar cewa ka karye ne, gobe ɗan wasan da ke durƙusa maka zai fara ce maka sai an biya shi kafin ya fito. Na fahimci duk wannan.

Ya kuma kawo wata hujja da ta tsaya mini a rai. Ya ce kafin zuwansa wa ya san layin? Shi ya jawo jama'a, mai shayi ya samu, mai abinci ta samu, kuma bayan tashinsa Goggo ta ƙara kuɗin haya saboda wurin ya yi suna. Ashe ke nan shi ma yana da haƙƙi a sunan? Akwai ƙamshin gaskiya a nan, ba zan ƙi ba. Ɗan haya yakan bar albarka a wuri. Sai dai abin da ya gina sunan kamfaninsa ne, kuma wannan nasa ne, ya tafi da shi duk inda ya so, babu mai hana shi. Haƙƙin da yake da shi a kan tsohon wurin bai wuce a gaya wa masu nemansa inda ya koma ba, kuma ko wannan ɗin alfarma ce da ake roƙa, ta wata biyu ko uku, a manna 'yar takarda a bango. Irin wannan kowa yana yi, kuma babu mai gidan kirki da zai hana. Shi kuwa bai bar inda ya koma ba. Da ya bari, da asirin da yake rufewa ya tonu.

Akwai kuma bambanci tsakanin tsohon sawu da sabon taku. Finafinan da ya saki a 2019 da 2020 suna ɗauke da adireshin, wannan babu laifi, gaskiya ne a lokacin, kamar yadda marubuciya ba za ta bi kasuwa tana tattara tsofaffin littattafanta don ta tashi daga gidan da ta rubuta a bango ba. Mantuwa ma uzuri ce. Ni da nake wannan dogon surutu, da na duba sai na tarar asusuna na banki yana ɗauke da adireshin gidan hayar da muka bari tun 2019. Kunya ta kama ni, na je na gyara, layi ya cinye mini yini guda. Amma fim ɗin da aka ɗora a 2024 sabon taku ne. Wani ya zauna a gaban kwamfuta ya jera sunaye, furodusa ya kalla ya ce ya yi. Ya ce mini edita ne ya kwafo tsohon jeri. To, sau ɗaya edita ne. Kashi na ashirin da wani abu fa?

Inda abin ya fi yi mini ciwo shi ne abin da ya mayar da Goggo. Ka duba matsayin da ya ajiye ta. Baƙo ya yi sallama ya ce yana neman wane. In ta ce a gaya masa ya fita, ta yi ƙarya, kuma ta taya a yaudari bawan Allah da watakila kuɗinsa yake bi. In ta ce a gaya masa rabonsa da nan shekara biyu, ta tona asirin mutumin da suka rabu da mutunci, ta zama ita ce ta kashe masa kasuwa. Kowanne ta zaɓa sai ta kwana da nauyi a zuciya, alhali ita ba ta ci nanin ba. Kuma ya san wanne za ta zaɓa. Ya zauna da ita shekara huɗu, ya san mace ce mai kara, ya san ba za ta ɗauki lauya ba, ba za ta kai shi wajen mai unguwa ba, ba za ta ma iya buga masa waya ta yi faɗa ba. Da shagon na wani ɗan kasuwa ne mai zafin kai, wallahi da sati guda bai yi ba ya goge adireshin. Wato kawaicinta ya sa a cikin lissafinsa. Mu kan yabi kara da kawaici, muna cewa su ne adon Bahaushe, kuma haka ne. Amma duk inda mai kawaici yake akwai wanda ya gano cewa ana iya hawa kansa kyauta, kuma yawanci ba mugu ba ne na fim mai jan ido da dariyar ƙeta, mutum ne mai fara'a wanda yake gaishe ka da sallah.

Ga kuma abin da ba a faɗa da ƙarfi. Goggo tana da 'yan mata uku a gida, kuma kowa ya san yadda ake binciken aure a garin nan. Dangin saurayi za su zo layi su tambayi mai shayi da mai kanti, wane irin gida ne wancan? In aka ce ai gidan da 'yan fim suke sintiri ne, kullum da baƙuwar fuska, wani lokacin har da rigimar bashi, magana ta ƙare. Ni mai sharhin fim ne, na fi kowa jin haushin irin kallon da ake yi wa 'yan fim, kuma na sha rubutu a kan rashin adalcinsa. Amma kallon yana nan. Lokacin da yake haya Goggo ta san da wannan ta ɗauka, ana biyanta, kuma yana nan yana tsawata wa yaransa. Yanzu babu kuɗin, babu mai tsawatarwa, sai surutun kaɗai ya rage mata.

Abin mamaki, babu sana'ar da ta san ladabin aro kamar tamu. Industirin nan a kan aro aka gina ta. Gidan Alhajin da kuke gani a fim, mai falo kamar filin ƙwallo, na aro ne. Motar da jarumi yake fitowa daga ciki yana gyara tabarau ta aro ce, wani lokacin har tabaran. Ofishin manajan banki, asibiti, makaranta, duk aro. Kuma babu furodusan da zai shiga gidan mutum da kyamara bai nemi izini ba. Ana zuwa a durƙusa, a roƙa, a yi alƙawarin ba za a fasa komai ba, in an gama a rubuta a ƙarshen fim, godiya ta musamman ga Alhaji wane da ya ba mu gidansa. A cikin jerin sunayen nan da yarinyar Bauci ta nuna wa tela, na duba da kaina, an gode wa mai gidan da aka yi ɗauka, an gode wa mai otal, an gode wa wanda ya ba da mota. Layi biyu a ƙasa ga ƙofar Goggo, ita babu ko sannu.

Kada masu gidaje su ji daɗi da yawa, su ma akwai nasu. Wasiƙa ko saƙon da ya zo da sunan tsohon ɗan haya amana ce, ba a buɗewa, ba a yarwa, ko da an rabu da faɗa. Sannan akwai juyin wannan laifi da ake yi kullum. Mai gyaran waya ko mai kemis ya yi shekaru yana tara kwastomomi, ya tashi, sai mai shago ya ƙi sauke allonsa, ya sa wani mai irin sana'ar a wurin, duk wanda ya zo a ce masa ai ƙaninsa ne, kawo a yi maka. Wannan ma cin sunan wani ne, sai dai an juya wanda ake ci.

Bayan sallah na matsa wa furodusan har ya zo. Ya tsuguna a zaure ya gaishe ta, ya ba da haƙuri, kuma na ga alamar abin ya dame shi da ya ji labarin yarinyar. Sai ya kawo shawara. Ya ce zai riƙa ba ta wani abu duk wata, a bar adireshin yadda yake. Ni a raina na ce shi ke nan an warware, tunda ga yarda ga farashi, abin ya koma haya ta halal kamar ta mutanen Abuja. Har na fara gyaɗa kai.

Goggo ta yi shiru, sannan ta ce, "Ɗan nan, ni ba kuɗinka nake so ba. Ko ka biya ni, wanda ya zo ai ba zai same ka ba. Ni so nake in an tambaye ni kana ina, in san abin da zan faɗa. Ina ne ake samunka?"

Ya ce yanzu dai a gida yake aiki, a wani ɗaki a gidansa. Ta ce to madalla, sai ya rubuta can. Ya ɗan sosa ƙeya ya ce ai Hajiya kin san harkar tamu, mutane iri-iri ne, ba zai so a riƙa yi masa sintiri a ƙofar gida ba, ga iyali, ga yara mata.

Goggo ta ce, "Au."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Na kalli ƙasa, shi ma ya kalli ƙasa. A nan na gane cewa lissafina na yarda da farashi ya manta da mutum na uku, wanda zai taso daga wani gari saboda ya gaskata rubutun, kuma shi ba a zauren yake ba balle a nemi yardarsa.

Daga kashi na gaba ya cire adireshin, ya sa lambar waya kaɗai. Ya gyara shafinsa na Facebook. Na CAC ya ce lauyansa yana kai, kuma duk sanda na tambaya yana kai ɗin. Alamar da ke taswirar Google tana nan, na kai rahoto sau biyu daga wayata. Telan dai bai jira kowa ba, ya sayo fenti ja ya rubuta a jikin bango, nan ba ofishin fim ba ne, ya sa lambar furodusan a ƙasa da manyan baƙaƙe. Furodusan ya kira ni yana ƙorafi cewa an tozarta shi, kuma tun daga lokacin bai sake gayyata ta kallon fim ɗinsa kafin a saki ba. A watan jiya telan ya ce mini wani yaro ya zo daga Gusau da labari a rubuce cikin littafi mai sittin, ya karanta rubutun bangon, ya kwafi lambar, sannan ya tambaya ko akwai inda zai sami ruwa ya yi alwala.